Dafin da Aka Ɗiba da Sunana

Da sunan Allah nake buɗe wannan babi, ina kuma roƙonsa ya tsare hannuna daga ƙari da ragi, domin maganar ta shafi mamaci, mamacin kuwa yayana ne, Baffanku Sahabi, Allah ya jiƙansa.

Abin da ya sa na zauna rubuta shi, ku ma kun sani. Da Sallar da ta wuce, bayan an ci abinci, ɗana Nasiru ya miƙo mini wayarsa yana dariya, ya nuna mini wani Bature a wata ƙasa wanda aka ce ya yi shekaru yana sa wa kansa dafin maciji kaɗan-kaɗan, har likitocin can suna binciken jininsa ko za a sami magani a ciki. Ya ce ashe Baffa Sahabi likita ne ba mu sani ba, da Baba bai ji tsoro ba da yanzu mu ake nunawa a waya. Kowa ya yi dariya, ni ma na yi. Amma daga nan na gane abin da ke cikin kawunanku: cewa tsorona ne ya kashe gadon gidanmu, kuma Baffanku ya bar duniya yana fushi da ni. Ban ce duka ƙarya ba ne. Zan faɗi abin da na gani da idona. Inda ban gane ba zan ce ban gane ba, kuma ina gaya muku tun yanzu, wuraren da ban gane ba sun fi yawa.

Gidanmu a Fakku, ƙasar Kebbe, gidan masu maciji ake ce masa. Kada ku ɗauka irin masu yawo da maciji a kasuwa ne ana yi musu kiɗa. Mu manoma ne. Sai dai in maciji ya shiga rumbun wani ko ɗakin matarsa, mahaifinmu ake kira, ya zo ya ɗauke shi da hannu ya kai daji, don a gidanmu ba a kashe maciji. Abin da ya ba shi wannan ƙarfin hali shi ne tsaga. Kowace shekara in ruwan shuka ya sauka, mazan gidan sukan taru da safe a bayan rumbu, inda ake ajiye kububuwa a cikin tulu. Kububuwa ita ce 'yar guntuwar macijiyar nan mai zane wadda ake kira gobe da nisa. Mahaifinmu yakan tatsi dafinta, ya gauraya ɗan mitsitsi da wani baƙin gari, ya tsaga fatar mutum da aska ya shafa. Bana kaɗan, baɗi a ɗan ƙara, har jini ya saba. Yadda ake haɗa garin ban sani ba, da na sani ma ba zan rubuta ba.

Ni damina ɗaya kawai aka yi mini, ina ƙaramin yaro. Tabon yana nan a idon sawuna na dama, wasunku sun gan shi in ina alwala. Kafin wata damina ta zagayo mahaifinmu ya rasu, da ciwon ciki ba da sara ba, sai Kawu ya ɗauko ni ya kawo ni Tambuwal ya sa ni firamare. Daga nan na sami aikin masinja a ofishin ƙaramar hukuma, na zauna. Yaya Sahabi, wanda ya girme ni da nisa, shi ya tsaya a gida da Innarmu da gona da tulun.

Kun san halina, ba sai na ɓoye ba. Ni mutum ne mai waswasi. Nakan kulle ƙofa in yi nisa in dawo in ja kwaɗon. Nakan ɗaura niyyar salla in warware in sake, har liman ya kai ruku'u. To ku duba mutum irin wannan a ce yana ɗauke da tabon tsaga ɗaya tak. Duk lokacin da aka aike ni garin Sanyinna da takarda na ratsa ta cikin ciyawa, tambayar da ke kaina ita ce: in maciji ya gan ni, ɗan gida zai ɗauke ni ko baƙo? In ya shigo ɗakina, dokar nan ta kada a kashe ta hau kaina ko ba ta hau ba? Na rayu da wannan shekara da shekaru ban gaya wa kowa ba.

Shekarar da nake son ba ku labarinta ita ce wadda guiwoyina suka kama. Lokacin Nasiru yana sakandare. Sujada ta zama mini aiki, hawa keke kuwa sai na nemi dakali. Wata ranar kasuwa Yaya Sahabi ya shigo gidanmu da buhun gero a kafaɗa, daga tasha ya ɗauko shi da ƙafa, ya dire a tsakar gida ko numfashinsa bai sauya ba. Na taso gaishe shi ina dafa bango. Ya dube ni daga sama har ƙasa.

"Ɗan boko, mi ya samu ƙafar? Kana tafiya kamar an ɗaura maka turmi."

"Sanyi na, Yaya. Malamin asibiti ya ce shekaru."

"Shekaru? Ni da nag goya ka, nawa shekarun ina sunka tafi?"

Mahaifiyarku Kulu ta kawo masa fura. Ya sha, ya goge baki, ya nuna idon sawuna da ludayin.

"Ga ciwonka nan. An ɗora ka bisa wuta, ba ka nuna ba anka sauke. Dafi shi ka cinye ciwo cikin jiki. Ka taɓa jin an ce Sahabi ya kwanta? Ko masassara kewaya ni takai."

Gaskiya ne, ban taɓa ji ba. Sai ya sassauta murya, abin da ba ya yi.

"Tukur, ɗiyana duka mata na, ka kuwa san ba a ba mata. In na faɗi, abin Baba ya faɗi. Ka zo ruwan shuka in ƙarasa ka. Ƙafarka ta warke, kai kuma in ka nuna ka ba Nasiru."

Ya tafi ya bar ni da magana biyu a ɗaure wuri ɗaya, lafiyar ƙafata da gadon mahaifinmu, na rasa ta inda zan raba su. Na fara da Kulu. Tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Malam, kai da ranar rigakafin sanƙarau sai da ƙatti sunka riƙe ka, kai za a sa ma dafi? Ga man zafi can bisa taga."

Na ji sanyi a raina, na ce to magana ta ƙare. Sai ta buga rariyar a gefen ƙwarya ta ƙara da cewa, "Amma fa Yaya Sahabi bai taɓa ciwo ba. Wagga gaskiya ta." Ta mayar da ni inda ta same ni.

Na je wurin maƙwabcinmu Malam Buhari, malamin asibiti ne, mutum mai haƙuri da tambayoyina. Na same shi yana wanke babur ɗinsa a ƙofar gida. Na zayyana masa komai. Ya matse tsumman ya ce:

"Malam Tukur, ka san allurar saran maciji da muke yi wa mutane, daga ina ake samo ta? Daga jinin doki. Ana sa wa doki dafi kaɗan-kaɗan har jikinsa ya koyi faɗa da shi, sannan a ɗebi jinin a tace."

"Ke nan Yaya yana da gaskiya?"

"Ban ce ba."

"Ke nan ƙarya ce?"

"Shi ma ban ce ba. Cewa na yi doki. Kai doki ne? Dokin ma likita na tsaye a kansa da ma'auni. Yayanka da me yake aunawa, da tsinke? Maganar guiwa kuwa, ban taɓa jin inda dafi ya warkar da ita ba. Kada ka je."

"To me ya hana shi ciwo?"

"Wataƙila noma. Wataƙila haka Allah ya gina shi. Wataƙila kuma waɗanda tsagar ba ta karɓa ba suna maƙabarta, ba mai jin nasu labarin."

Na dawo gida da doki a cikin kaina. Ya ce kada in je, na ji wannan. Amma kuma ya ce jiki yana koyon faɗa da dafi, wannan ma na ji, kuma shi ya fi zama. Na tari limamin unguwarmu bayan sallar la'asar. Ya ce neman magani halal ne, jefa kai ga halaka haram ne, abin da zai raba su shi ne inda zatona ya fi rinjaya. In na fi zaton lafiya in je, in na fi zaton cuta in bari. Amsa ce mai kyau ga mutum mai zato guda. Ni nawa da safe yana nan, da azahar ya koma can. Na yi ta auna shi har ruwan shuka ya sauka ban gama ba. Da na ga hadari ya wuce ƙasa ta jiƙe, sai kawai na ga ina sa riga. Kulu ta tambaye ni na yanke shawara ke nan, na ce a'a, zan dai je in gaida Inna.

Na kwana a Fakku. Da safe bayan an karya, Yaya ya kira ni bayan rumbu. Ya kifa turmi, ya shimfiɗa buzu, ya jera askarsa da ɗan ƙoƙon garin. Inna, wadda idonta ya riga ya yi rauni, ta sa aka kai mata kujera bakin danga, ta ce tana son ta ji da kunnenta ranar da ɗanta na biyu ya shiga gidan ubansa. Wannan maganar ta ƙara mini nauyi.

Ya buɗe tulun ya sa hannu kamar mai ɗauko goro. Ban iya kallon yadda ya tatsi kububuwar ba, na juya kai. Na dai ji ƙarar nan tata, kamar an zuba ruwa a kaskon da ya yi zafi. Ya fara da kansa, don haka al'adar take, mai bayarwa shi ke fara karɓa. Ya tsaga damtsensa na hagu ya shafa rabonsa na shekara, wanda yake babba ne, na mutumin da ya daɗe yana yi. Ko fuskarsa ba ta motsa ba. Sannan ya sake ɗiba, ya ɗaga ƙoƙon ya ce da ƙarfi don Inna ta ji:

"Wanga na Tukur na."

Na ɗora ƙafata a kan turmin. Na ce, "Yaya, bai yi yawa ba?"

"Daidai na."

"Ka tuna fa ni na daɗe ban yi ba. Da na yaro za ka fara ko da na babba?"

"Kai yaro na? Dubi furfura. Tsaya wuri ɗaya."

"To in na yaro ya dace da ni fa, tun da jinina bai saba ba?"

"Tukur, ni nika wanga aiki ko kai?"

Ya kama diddigena. Hannunsa da ɗumi, askar da sanyi. A wannan lokacin na nemi zatona, kamar yadda liman ya ce, in ga ina ya rinjaya, na tarar ba ya ko'ina. Na kasa tuna ko na yi bisimilla. Na kasa sanin ko don ƙafata na zo, ko don kada Inna ta ji kunya, ko don kada a ce ɗan boko ya tsorata. Har yau ba zan iya rantsuwa cewa ni na yanke shawarar janye ƙafar ba. Na dai gan ta a ƙasa, ni kuma ina tsaye nesa da turmin ina cewa, "Yaya, a bari sai baɗi. A bari in ƙara tunani."

Bai zage ni ba. Da ya zage ni da na fi jin daɗi. Ya dube ni, ya dubi ƙoƙon, ya yi ajiyar zuciya. Sai ya naɗe hannun rigarsa na dama, ya tsaga damtsen, ya shafe abin da ya ɗiba da sunana a jikinsa.

Inna ta ji shirun ya yi yawa. Ta ce, "Sahabi, an yi?"

"An yi, Inna. Ni nak karɓa mai."

Ta dafe ƙirji ta yi salati. Na ce me ya faru, me ya sa bai zubar ba? A nan ne na fara jin dokar da kowa a gidan ya sani ban da ni. Dafin da aka ɗiba aka kira sunan mutum a kansa ba ya komawa tulu, ba a kuma zubar da shi ƙasa. Dole ya shiga jinin gidan. In mai sunan ya ƙi, wanda ya ɗiba shi ke ɗauka. Ni da na tambayi matata, na tambayi malamin asibiti, na tambayi liman, na tambayi kaina har na gaji, ban taɓa tambayar abin da zai faru in na ce a'a ba. Su kuma ba su gaya mini ba, don a wurinsu ba wanda ya taɓa ɗora ƙafa a turmin nan ya sauke.

Yaya ya ce ba komai, ɗan wannan ba zai yi masa komai ba. Ya ɗauki sungumi ya tafi shuka, na bi shi da ƙwaryar iri ina ɗingishi, ina leƙen hannunsa. Da azahar hannun dama ya fara cika. Da la'asar ya kai kafaɗa. Ya ce haka yake yi, gobe zai saɓe. Washegari da safe yana goga asuwaki a bakin zaure na ga abin da ya tofar ja ne. Ya sa ƙafa ya rufe da ƙasa, ya ɗauka ban gani ba. Tsagar kuma, 'yar ƙarama da ita, ta ƙi bushewa, tana ta tsattsafo da jini ta cikin tsumman da ya ɗaura.

Na fita bayan gari inda waya ke kamawa na kira Malam Buhari. Ya ce in jini ya ƙi tsayawa, in kawo shi yanzu, kada in tsaya shawara da kowa, har da kaina. Ya gaya mini asibitin da zan same shi da allurar. Na dawo na gaya wa Yaya. Yana kwance a zaure, ya fara ganin jiri, amma bakinsa na nan.

"Ba ni zuwa. Baba ya ce allurar asibiti wanke jini takai. Abin da nit tara tun ina yaro, rana ɗaya ta kwashe shi? Ka bar ni. Jikina ya san hanya."

Na koma wurin Inna. Ta ce kada in kai shi, ubansa ma ya taɓa kumbura haka ya tashi. Na juya zan fita, ta riƙe mini riga ta ce in kai shi, uban nasa bai tofar da jini ba. Na kai ƙofa ta sake kirana ta ce ita ba ta sani ba, in yi abin da na gani. Ban ga komai ba. Ina son ku san wannan, kada wani ya ce muku a ranar na zama jarumi. Rabin zuciyata yana cewa jikin nan da ya saba zai ci nasara in aka ba shi lokaci, ni ne zan ɓata. Rabin yana cewa gobe war haka muna haƙa kabari. Abin da ya sa na motsa kawai shi ne tsumman. Na canza masa wani, ya jiƙe. Na sake canzawa, ya jiƙe. Na kira maƙwabta, muka ɗauke shi yana turjewa ba ƙarfi, muka sa shi a motar da ke ɗaukar kayan kasuwa.

A hanya kansa yana bisa cinyata. Motar tana faɗawa ramuka, yana buɗe ido yana rufewa. Wani wuri ya kama yatsana ya matse.

"Tukur, in ka bari sunka tsira mani allurar nan, ka sake kashe Baba."

Da muka isa aka tambaya wane ne nasa, wa ya yarda a yi masa, na ce ni ne. Muryata ko ni ban ji ta sosai ba, sai da ma'aikaciyar asibitin ta sa na maimaita.

Allah ya tashe shi. Jinin ya tsaya, kumburin ya saɓe a hankali, fatar hannun ta saɓule ta sake fitowa. Kafin a sallame shi na ja Malam Buhari gefe na tambaye shi tsakani da Allah, allurar ta wanke abin da Yaya ya tara?

Ya ce, "Ban ga dalilin da zai sa ta wanke ba. Amma ban san ko akwai abin wankewa tun farko ba. Ko kuma akwai, shi ne ma ya riƙe shi har kuka iso. Ko kuma tsufa ne ya sa jikin ya kasa ɗaukar abin da yake ɗauka da. Malam Tukur, abin da na sani shi ne jininsa ba ya daskarewa, yanzu yana daskarewa. Ka tsaya a nan."

Ban iya tsayawa a nan ba, kun san ni. Shi kuwa Yaya ba shi da shakka ko kaɗan. A wurinsa an wanke shi tas, ya koma kamar jaririn da aka haifa jiya. Tun daga ranar bai sake sa hannu a tulu ba. In aka zo kiransa maciji ya shiga rumbu, sai ya ce a nemi wani. Ya koma Fakku bai yi mini sallama ba. Na je gaishe shi bayan girbi, ya amsa gaisuwar kamar yadda ake amsa wa mai karɓar haraji. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yadda ya tsufa a cikin shekarar nan. Ya rame, ya fara dafa gwiwa in zai tashi, masassarar da ke kewaya shi ta same shi har gida. Mutanen gari suka ce allura ce. Malam Buhari ya ce dafin ne ya taɓa shi. Kulu ta ce zuciya ce, an raba mutum da abin da yake taƙama da shi. Inna ta ce shekarunsa ne da suka daɗe suna jira a bakin ƙofa. Kowanne na saurara sai in ji shi ne mai gaskiya, har sai na ji na gaba. Ni kuma guiwoyina suna nan yadda suke, ba su ƙaru ba, ba su ragu ba.

Da ruwan shuka ya sake sauka, sai ga saƙo daga Fakku ta bakin wani direba: Sahabi ya ce in zo. Ban ci abincin kirki ba har na isa. Na ɗauka baɗin da na ce ce ta zo, zai sake kifa turmi. Duk hanya ina shirya yadda zan ce a'a tun kafin a kira sunana a kan komai, ina kuma jin wata murya tana cewa wataƙila bana in yarda, ko ya huce.

Na same shi a bayan rumbu, amma ba turmi, ba buzu, ba aska. Tulun ne kawai, an ɗaure bakinsa da igiya, an rataya shi a tsakiyar wata doguwar sanda. Ashe shekara guda yana jefa wa kububuwar ɓera ta ƙaramar kafar murfin, ba ya iya buɗewa, ba ya kuma iya kashe ta.

"Kama can," in ji shi. Ita ce magana ta farko da ya fara yi mini da kansa tun daga motar nan.

Na saɓa gaba, ya saɓa baya. Muka fita ta bayan gari, muka wuce gonakin da ake shuka, mutane suna miƙewa daga sunkuyo suna kallonmu, tsofaffi biyu masu ɗingishi da tulu yana lilo a tsakaninsu. Duk lilon da ya yi sai in ji motsi a ciki, in ji bayana ya yi sanyi. Muka kai wasu duwatsu inda ba a noma. Muka sauke a hankali. Ya kwance igiyar. Ya zare sandar, ya ja da baya iyakar tsawonta, ya tura murfin da bakinta, ya tunkuɗe tulun ya faɗi a gefe.

Da farko ba abin da ya fito. Muka tsaya. Sai ga ta ta zuro kai, ta fito, ta naɗe jikinta a kan dutse ta fara wannan ƙara tata. Ba ta nufi daji ba, mu ta fuskanta. Ta ɗan zabura.

Ban san wanda ya fara gudu ba. Na dai ji an cafki rigata ta baya, na ji sandar ta faɗi, sai ga mu muna tsallake kunyoyi, ni da guiwoyina, shi da nasa, takalmina ɗaya ya tsaya a cikin laka ban koma ba. Ba mu tsaya ba sai gindin wata tsamiya. Ya jingina da ita yana haki, hannunsa har yanzu yana riƙe da rigata. Mutumin da tun tasowata nake ganin yana sa hannu a ramin maciji yana hira. Gumi yana bin gemunsa. Ya dafa ƙirjinsa, ya saurari yadda yake bugawa, kamar wani abu ne da bai taɓa ji ba. Ya daɗe a haka. Sannan ya dube ni.

"Tukur."

"Na'am, Yaya."

"Wanga abu da nika ji yanzu. Haka kaka ji?"

"Haka, Yaya."

"Kullum?"

"Kullum."

Ya girgiza kai, ya saki rigar, ya gyara mini inda ya yamutsa.

"Kai, ƙanena. Ka sha wahala."

Muka huta har numfashi ya dawo. Sannan muka kama hanyar gida ta tsakiyar turba, kafaɗa da kafaɗa, shi yana duba ciyawar dama, ni ina duba ta hagu.